Matan Shiga da Tafkin Biwa: yadda rigimar sabulu ta zama doka a Japan

 Tarihin da muka ɗauko yau na wani tafki ne a ƙasar Japan, da mutanen da suka tsaya a kansa lokacin da ya fara ruɓewa, musamman matan gida.

Ranar 27 ga watan Mayun 1977 mazauna gaɓar Tafkin Biwa suka ga ruwan ya sauya launi. Wurare masu faɗi sun koma ja-ja-ja kamar tsatsa, ga wani ƙarni irin na ɗanyen kifi yana tashi, iska tana kwaso shi zuwa gari. Ruwa dai ba ya tsami banza. Masana suka ɗiba suka duba, suka ce wata 'yar mitsitsiyar halitta ce dangin gansakuka mai suna Uroglena, wadda ido ba ya ganinta sai ta yi yawa. Abinci ne ya wadace ta, ta yi ta hayayyafa har ta rine ruwan. Abincin kuwa duk wanda ya taɓa noma ya san shi: sinadarin fosfet da manomanmu suka sani a takin sufa, da naitirojin da ke cikin yuriya. Wato taki ne ya yi wa tafkin yawa. Abin da ke sa masara ta yi kore shar a gona shi ke sa gansakuka ta cika ruwa, kuma idan ta mutu ta nutse ta ruɓe, sai ta shanye iskar da kifi ke rayuwa da ita.

Sai mun san tafkin kafin mu gane dalilin da ya sa hankali ya tashi. Biwa shi ne tafki mafi girma a Japan. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 670, tsawonsa kilomita 63, kuma wuri mafi zurfi a cikinsa ya kai mita 104. Yana cikin tsofaffin tafkunan duniya, don asalinsa yana komawa kimanin shekaru miliyan 4, shi ya sa akwai kifaye da sauran halittu sama da iri 60 da ba a samunsu ko'ina sai nan. Yana tsakiyar jihar Shiga, ya cinye kashi ɗaya cikin shida na ƙasarta. Koguna da rafuka sama da 400 ke zuba a cikinsa, amma kogi ɗaya tak ke fita, Kogin Seta, wanda ke sauya suna ya zama Uji, ya zama Yodo, ya faɗa teku a Osaka. Akwai kuma magudanar da aka haƙa aka gama a 1890 da ke kai ruwa birnin Kiyoto. Mutum kimanin miliyan 14 da rabi ke shan ruwan nan, mafi yawansu ma ba a Shiga suke ba.

Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne yadda ƙasar ta kwanta. Duwatsu sun kewaye jihar Shiga kamar bakin ƙwarya, tafkin yana gindin ƙwaryar, iyakar jihar kuma kusan a kan bakin take bi. Saboda haka duk abin da aka zubar a kwata a kusan ko'ina cikin jihar, ko ba daɗe ko ba jima, tafki zai tarar. Kusan babu wata maƙwabciyar jiha a sama da za a ɗora wa laifi. Wannan nauyi ne, amma kuma sa'a ce, domin majalisa ɗaya za ta iya yin dokar da za ta hau kan kusan kowa da ke ɓata ruwan. Wanda ya san yadda ake fama kafin ƙasashen da ke kewaye da Tafkin Chadi su yi magana da murya ɗaya zai gane girman wannan sa'a.

Har zuwa shekarun 1950 mutanen gaɓar suna shan ruwan tafkin kai tsaye. Da sassafe, kafin kowa ya motsa ruwan, ake ɗiban na sha. Bayan nan a wanke shinkafa da ganye, sannan tukwane, sannan tufafi. Nafkin jariri da duk wani abu mai ƙazanta ba a kai shi bakin ruwa. A cikin baho ake wanke shi a gida, ruwan kuma a kai gona. Bayan gidan mutane ma taki ne mai daraja, tarawa ake yi a kai gonar shinkafa. Ciyawar ruwa da taɓon gindin tafki manoma ke kwasowa da jirgi su zuba a gona. Ba dokar gwamnati ce ta tsara musu haka ba. Kowa ya san ruwan da ya bar ƙofarsa maƙwabcinsa na ƙasa ne zai wanke abincinsa da shi, kuma gobe za su haɗu a hanya.

Akwai ƙauyen da har yau ake ganin wannan tsari da ido, wato Harie a yankin Takashima, yamma da tafkin. Gidaje sama da 100 a can suna da abin da suke kira kabata. Marmaro ne ke ɓuɓɓugowa a cikin gida ko a wata 'yar rumfa a tsakar gida. Ruwan farko na sha ne. Daga nan ya zuba a ƙaramin kwarami inda ake wanke ganye a sanyaya kankana, sannan ya malala zuwa babban kwarami inda ake jiƙa tukunyar da aka ci abinci. A cikin babban kwaramin nan akwai manyan kifaye da suke kira koi, su ke cinye ragowar shinkafa da maiƙon tukunya, sai ruwan ya fita kwatar ƙauye garau, ya wuce gidan gaba, ya shiga rafi, ya isa tafki. Mutanen ƙauyen kuma suna fitowa gayya sau da yawa a shekara su yashe rafin. Duk wanda ya ga wannan zai ce ai kifi ne mai wanke-wanken gidan.

To me ya faru? Famfo ne ya zo, tare da sauran kayan jin daɗi. A shekarun 1960 Japan tana ta bunƙasa. Babbar hanyar mota da ta haɗa Nagoya da Kobe ta ratsa Shiga, jirgin ƙasa mai gudun tsiya ya fara wucewa a 1964, masana'antu suka yi ta buɗewa, ma'aikatan Kiyoto da Osaka suka yi ta gina gidaje a kudancin jihar. Jama'ar da ba ta kai 850,000 a 1960 ta haura miliyan 1 a tsakiyar shekarun 1970. Takin zamani ya kori takin gargajiya, bayan gida ya tashi daga dukiya ya zama abin neman inda za a zubar. Kowane gida ya sayi injin wanki, tare da garin wanki na kamfani, irin wanda mu muke kira omo ko wane kamfani ne ya yi shi. A wancan zamani ana zuba fosfet mai yawa a irin wannan gari don ya ƙara masa ƙarfin cire dauɗa. Bututun da zai kwashe ruwan ƙazanta zuwa matata kuwa kusan babu, domin har 1980 bai kai gida ɗaya cikin goma ba a jihar.

Wata mai bincike, Kada Yukiko, wadda ta shafe shekaru tana yawo ƙauyukan gaɓar tana hira da tsofaffi, ta sa wa abin suna mai sauƙi: ruwan kusa da ruwan nesa. A da ruwa na kusa ne, kana ganin inda ka ɗebo da inda ya tafi. Da famfo ya shigo sai ya zama na nesa. Ka murɗa ya zo, ka zubar ya ɓace, hukuma ce ke da alhakinsa. Rafin da ake wanke shinkafa ya koma kwata, aka yi masa siminti, wani wurin ma aka rufe shi. Mu da muke zaune a Legas ko Ibadan ko Fatakwal ba sai an yi mana dogon bayani ba. Cikinmu mutum nawa ne ya taɓa bin kwatar ƙofar gidansa da ƙafa ya ga inda take ƙarewa?

Alamu sun daɗe da bayyana. Tun 1969 mutanen Kiyoto suka fara kukan ruwan famfonsu yana warin fumfuna. Wajen 1970 kuma matan gida a Shiga suka fara taruwa suna magana a kan garin wanki, amma ba don tafki ba tukuna. Hannayensu ne ke tsattsagewa, jarirai kuma suna fama da ƙuraje a inda nafkin ke taɓawa. Ƙungiyoyin mata, da sashen mata na ƙungiyoyin ƙwadago, da ƙungiyoyin gama-kai na masu saye suka fara haɗa kuɗi suna sayen garin sabulun gargajiya, wanda ake yi da mai da soda ba tare da fosfet ba. Shekara bakwai suna wannan, ana yi musu kallon masu neman magana.

Da ruwa ya yi ja a 1977 sai maganarsu ta samu kunne. Abin da ke cinye hannun uwa da abin da ke rine tafki ashe a kwali ɗaya suke. Kuma a nan ne muke ganin matan suka yi abin da ba kowa ke yi ba. An saba idan ruwa ya ɓaci a nuna masana'anta da yatsa, kuma Japan ta sha wannan da gaske, kowa ya san bala'in Minamata. Su kuwa sai suka fito suka ce mu ma da hannunmu a ciki, mu ne masu sha kuma mu ne masu ɓatawa, bari mu fara da kwatar gidanmu.

Faɗar haka ba wuya, yi ne wuya. Garin sabulu ba ya narkewa da kyau a ruwan sanyi, kuma Shiga tana da hunturu mai ƙanƙara. Yana barin dusa a jikin tufa, farin kaya yana iya komawa ruwan ɗorawa idan ba a ɗauraye sosai ba. Wato an ce wa macen da injin wanki bai daɗe da sauƙaƙa mata rayuwa ba ta ƙara wa kanta aiki. Sai matan suka zama malaman wanki. Suna ɗaukar injin wanki zuwa ɗakunan taron unguwanni da ƙofar kantuna, su wanke kaya a gaban jama'a, su nuna yadda ake narkar da sabulun da ruwan ɗumi da yawan da ake zubawa. Wasu suka fara bin gidaje suna tara man suya da aka gama amfani da shi, wanda da kwata ake zubarwa, a kai a dafa shi ya zama sabulu. Mu da muka tashi muka ga kakanninmu suna haɗa sabulun salo da toka da mai, wannan ba zai ba mu mamaki ba. A watan Agustan 1978 ƙungiyoyin suka dunƙule a inuwa ɗaya ta jiha baki ɗaya, tare da masunta da manoma da 'yan ƙwadago.

Sun kuma yi dace da gwamna. Takemura Masayoshi ya hau mulkin Shiga a 1974 yana da shekara 40, kuma ƙungiyoyin ƙwadago na cikin waɗanda suka kawo shi. Ya ga cewa jama'a sun riga gwamnati yin gaba, sai ya sa aka fara rubuta doka. Ƙungiyar kamfanonin sabulu da garin wanki ta ƙasa ta tashi haiƙan. Ta cika jaridu da talla, ta ce dokar za ta taka 'yancin kasuwanci da tsarin mulki ya bayar, ta kuma ce garin wanki ba shi ne babban mai kawo fosfet tafkin ba. A wannan magana ta ƙarshe ba ƙarya suka yi ba, don kasonsa bai wuce kamar ɗaya cikin biyar ba. Sauran yana fitowa daga masana'antu da gonaki da bayan gida. Sai dai shi ne kason da ake iya tsayarwa gobe da safe, ba sai an jira shekara ashirin ana binne bututu ba.

A watan Oktoban 1979 majalisar dokokin Shiga ta zartar da dokar hana tafkin cika da taki, ta fara aiki ranar 1 ga Yulin 1980. Ta haramta sayar da garin wankin gida mai fosfet a jihar, da amfani da shi, har da bayar da shi kyauta. Wannan na kyauta yana da dalili: Japanawa suna da al'adar aika wa juna tsaraba sau biyu a shekara, tsakiyar shekara da ƙarshenta, kuma kwalin garin wanki na cikin abin da aka fi aikawa. Dokar ta kuma ƙayyade yawan fosfet da naitirojin da masana'anta za ta saki a ruwa, abin da ba a taɓa yi ba a Japan, ta kuma ja kunnen manoma da masu kiwo a kan taki da kashin dabbobi. A shekarar da ta fara aiki, binciken jihar ya nuna gidaje 70 cikin 100 sun koma sabulu.

Abin dariya, kamfanonin da suka ce ba zai yiwu ba, kafin dokar ta yi nisa sun fito da garin wanki marar fosfet. Jihar Ibaraki ta yi irin dokar a 1981 don Tafkin Kasumigaura, gwamnatin ƙasa ta yi dokar tafkuna a 1984, kuma kafin shekarun 1980 su ƙare kusan duk garin wankin gida a Japan ya rabu da fosfet. Jihar da ba ta da ko kashi ɗaya cikin ɗari da rabi na jama'ar ƙasa ta sauya abin da ke cikin kwalin kowa.

Nasarar ce kuma ta raunana tafiyar. Tun da garin kamfani ya daina zama haramun, ga shi ya fi sauƙi, sai gidaje suka yi ta komawa gare shi, yawan masu sabulu ya yi ta sauka shekara bayan shekara. Matan da tun farko saboda fata da lafiya suka shiga, suna son a kawar da garin kamfani ɗungurungum, suka ga kamar rabin abin da suka nema aka ba su. Mu a ganinmu ba su faɗi ba. Abin da ke kashe tafkin shi aka cire. Amma gaskiya ne cewa hukuma ta ɗauki abin da ya yi mata daga maganarsu ta bar saura.

Tafkin kuma bai warke nan take ba. A watan Satumban 1983 wata gansakukar daban, kore mai kama da fenti, ta bayyana a kudancin tafkin inda ruwa bai da zurfi, kusan mita 4 kawai. Abin da ya yi aikin dogon zango shi ne bututu da matatu. Babbar matatar ruwan ƙazanta ta farko ta jihar ta fara aiki a 1982, irin mai cire fosfet da naitirojin, yau kuma sama da mutum 90 cikin 100 a Shiga suna haɗe da bututun. Jan ruwan ya yi ta raguwa har ya zama sai jefi-jefi, daga baya aka yi shekaru ba a gan shi ba. Ruwan ya ƙara haske. Da a nan labarin ya tsaya da mun ce an gama.

Sai dai masunta ba su ce an gama ba. A tsakiyar shekarun 1950 abin da ake kamawa a Biwa yana kai tan 10,000 a shekara. A 'yan shekarun nan bai kai tan 1,000 ba. Akwai wani ɗan ƙaramin dodon-koɗi mai ɓawo biyu da suke miya da shi, shijimi, wanda aka kwashi kimanin tan 6,000 nasa a 1957, yanzu ko 100 ba a samu. Ruwa ya yi tsabta, kifi ya tafi. Dalilin yana bakin gaɓa, inda dokar sabulu ba ta taɓa ba.

A da tafkin yana da ƙananan tafkuna marasa zurfi manne da shi ta ko'ina, kamar fadamu, inda ruwan rafi ke tsayawa ya kwanta kafin ya shiga babban tafki, kifi kuma ya shiga ya yi ƙwai. Tun lokacin yaƙin duniya na biyu aka fara tsotse su ana mai da su gonakin shinkafa saboda yunwa, har sama da kashi 80 cikin 100 na faɗinsu ya tafi. Sannan daga 1972 zuwa 1997 aka yi wani gagarumin aikin gwamnati na raya tafkin, wanda babban burinsa shi ne a ƙara wa Osaka da kewayenta ruwa a kuma hana ambaliya. Cikinsa ne aka samu kuɗin bututun da muka yaba, amma cikinsa ne kuma aka gina ganuwa da titi a kan gaɓa. Akwai wata doguwar ciyawa mai kama da kyauro da suke kira yoshi, wadda ake asabari da jinka da ita, kuma cikin saiwoyinta kifi ke ƙwai. Filin da take rufewa ya ragu da kusan rabi tsakanin 1953 da 1992. Mutane sama da 1,000 sun kai ƙara kotu a 1976 suna neman a tsayar da aikin, shari'ar ta ja har 1989, suka faɗi. Wato a shekarun da matan ke wanki a ƙofar kantuna, manyan injuna suna can suna cinye gaɓa, kuma a wannan fagen jama'a ba su yi galaba ba.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Baƙin kifaye biyu daga Amurka, bulugil da aka fara gani a tafkin a 1965 da bas da aka gani a 1974, suka mamaye gaɓar suna cinye ƙwai da 'ya'yan kifin gida. Shi bulugil yana da labari: magajin garin Shikago ne ya ba Yarima Akihito kyautarsa a 1960, ya kawo shi gida da niyyar a samu abinci. A 2007, yana Sarki, ya tsaya a birnin Otsu a bakin wannan tafki ya ce abin yana damun zuciyarsa. Tun 2003 doka ta hana mai ƙugiya ya mayar da irin waɗannan kifaye ruwa idan ya kama, an ajiye akwatuna a gaɓa don a zuba su.

Aikin da jama'a suka koma yi bayan rigimar sabulu ba shi da amo kamar na farko, amma mu ya fi burge mu, domin ƙoƙari ne na mai da ruwan nesa ya dawo kusa. A 1989 Kada da abokan aikinta suka roƙi mutane su riƙa fita da dare su ƙirga maƙesu, ƙwaron nan mai walƙiya, a rafin unguwarsu, su rubuta su aiko. Irin maƙesun can tsutsarsa a ruwa take girma, don haka yawansa yana faɗin halin rafin. Shekara goma ana yi, mutum sama da 3,000 suka shiga, yara da tsofaffi. Ribar ba a lissafin kaɗai take ba. Mutumin da ya yi shekaru bai leƙa rafin bayan gidansa ba ya koma yana zuwa kowane dare. Kada ɗin nan ita ce ta zama gwamnar Shiga daga 2006 zuwa 2014.

Garin Moriyama ya fi kowa jin wannan. Maƙesunsa sun yi suna har gwamnatin ƙasa ta sa su cikin abubuwan da ake karewa a 1924, sannan ta cire su a 1960 saboda babu sauran abin karewa. Rafukan garin suna zuba a Akanoi, wani lungun tafkin da ya yi ƙaurin suna wajen ƙazanta. A 1996 mazauna da unguwanni da manoma da kamfanonin yankin suka kafa ƙungiya da buri biyu da kowane yaro zai gane: maƙesu su dawo, shijimi ya dawo. Suna auna ruwan rafukansu da kansu, suna yashewa, suna gyara gaɓa. Maƙesu sun dawo har garin yana musu biki duk farkon bazara. Shijimi ne har yanzu ake fama.

Manoma ma sun shigo ta tasu ƙofar. Akwai wani kifin gida, nigorobuna, wanda ake jera shi da gishiri da dafaffiyar shinkafa ya yi watanni ya yi tsami, abincin da Shiga ke alfahari da shi, mai warin da baƙo ba ya jurewa, kamar dai daddawarmu ga wanda bai saba ba. A da idan ruwan sama ya cika kwatoci, wannan kifi yana haurowa daga tafki har cikin gonakin shinkafa ya yi ƙwai. Da aka gyara gonaki aka zurfafa magudanai sai hanyar ta yanke. Daga farkon shekarun 2000 ƙauyuka suka fara jera katakai a magudanan kamar matakala, ruwa ya hau daki-daki, kifi ya bi ya shiga gona. 'Ya'yan suna girma cikin ruwan ɗumi inda bas ba ya kaiwa, sannan a sake su kafin a janye ruwa. Manomin da kifi ke cikin gonarsa dole ya sassauta da magani, shinkafar kuma ana sayar da ita da tambarinta na musamman. Jihar kuma tun 2004 tana biyan manomin da ya rage takin zamani da maganin ƙwari da rabi, ya kuma hana ruwan taɓo fita gonarsa. Ita ciyawar yoshi an yi mata doka a 1992, kuma duk hunturu mutane kan fito gayya su yanke tsohuwar su ƙone saura don sabuwa ta tsiro da ƙarfi.

Ranar 1 ga Yuli, ranar da dokar ta fara aiki, ita ce Ranar Biwa tun 1981, kuma a kewayenta mutane sama da 100,000 kan fito shara a gaɓa da rafuka. Tun 1983 kowane ɗan aji biyar na firamare a jihar sai ya hau wani jirgin ruwa na makaranta mai suna Uminoko, ya kwana a kan tafkin, ya ɗebi ruwa ya duba a madubin ƙara girma. Yara sama da rabin miliyan sun bi ta cikinsa, an ma yi sabon jirgi a 2018. A 1984 Shiga ta kira taron tafkunan duniya na farko a Otsu, wanda ake ci gaba da yi ƙasa-ƙasa, har ya zo Nairobi a 2005.

Yanzu kuma wata damuwar ce ta taso wadda ba ta bi ta kwatar kowa ba. Duk hunturu ruwan saman tafkin kan yi sanyi ya yi nauyi ya nutse, na ƙasa ya taso, iska ta kai har gindi. Mutanen Shiga suna kiran wannan dogon numfashin tafki. A farkon 2019, karo na farko tun da aka fara aunawa, hunturu bai yi sanyin da zai juya ruwan har ƙasa ba. A 2020 ma haka, aka kuma ga matattun ƙananan halittu a gindin arewacin tafkin. Ya sake juyawa a 2021. Tun daga nan duk watan Janairu da Fabrairu jirgin masu bincike na jihar kan fita ya saki na'ura zuwa zurfin mita 90, jaridun Shiga kuma suna jiran sakamakon su buga.